Auduga a Kunne

Ranar farko Dakta Bakut bai buɗe littafi ba.
Auduga ya raba mana, mu goma sha bakwai,
ya ce kowa ya toshe kunnuwansa,
sannan ya ba mu baya, ya ci gaba da yi wa allo bayani.
Minti arba'in.
Ina ganin ƙeyarsa na motsi, garin alli na zuba,
ko kalma ɗaya ban tsinta ba.
Da ya juyo sai ya nuna ni da yatsa,
baki a buɗe, gira a haɗe.
Na gane tambaya ce, na gane ni ake jira,
na miƙe kamar wadda aka kama da hannu a tukunya.

A tsayen nan na tuna Ɗanjuma.
Shekara goma sha ɗaya ke nan, firamare a Rigasa,
bencin baya, jikin taga.
Sau nawa na kira sunansa bai waiwayo ba?
Na rubuta a katinsa da jan biro: taurin kai.
Na sa shi kamun kunne,
kunnen da bai taɓa kai masa muryata ba.

Maƙwabciyata ta ce, digiri na biyu da furfura a goshi,
don 'yan yaran da ko sunansu ba sa iya faɗi?
Na ce mata ruwan wankina zai huce.

Yanzu kullum a Keke Napep,
idan cunkoso ya tsayar da mu kan gadar kogi,
yatsuna na bitar darasi a kan cinya:
ruwa, uwa, zo, ya isa.
Direba na leƙe ta madubi,
ya ɗauka canjinsa nake lissafi.

Litinin da Laraba koyarwar gwaji a Kakuri.
Yara shida, tabarma biyu, fanka ba wuta.
Gimba ba ya zama sai da murfin kwalba a tafinsa,
na daina ƙwacewa, na kawo masa guda goma mu ƙirga.
Shekari, ɗan shekara biyar, ya raɗa mini suna ba da baki ba:
ya taɓa haƙoransa na gaba, inda wushiryata take.
Ko sunan da aka yanka mini rago
bai zauna mini haka ba.
Nasiba kuwa hannunta ba ya rufuwa.
Na yanko robar tsohuwar taya na naɗe fensir
har ya yi kaurin rake.
Mako bakwai tana jan layi yana kuɓuce mata,
yawu na ɗiga kan takarda, ina sharewa da gefen mayafi.
Wata Laraba, ana tsuga ruwa kan kwano,
bakin layin ya zagayo ya sadu da wutsiyarsa.
Da'ira. Karkatacciya kamar ƙosan farko.

Babi na huɗu jadawali yake so.
Dakta ya dawo mini da shi cike da jan biro: ina hujja?
Na zauna da fitilar waya har ƙarfe ɗaya,
ina neman gidan da zan saka mako bakwai,
da ruwan sama, da ihun uwarta a bakin ƙofa.
Ƙarshe na rubuta: 1.

Na yi cigiya a Rigasa.
An ce yana faci kusa da tashar jirgin ƙasa,
har ya ajiye iyali.
Na koyi yadda ake cewa “yafe mini” da hannu,
na maimaita gaban madubi har ya daina rawa.
Abin da ban sani ba,
ko akwai wanda ya taɓa koya masa karanta hannu.

Asabar zan je.
Audugar tana nan cikin jakata, ta yi datti,
kusa da kuɗin mota.